Gilashin da Baba Ya Liƙa a Bayan Ɗaki na Tara

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Haruna birkila, wanda mutanen Hayin Banki suka fi sani da Baba Mai Gilashi. A irin wannan lokacin ya tafi, ana jiran ruwan fari, hadari na haɗowa ta gabas yana watsewa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni ba marubuciya ba ce. A sakandare na tsaya, ɗinki nake yi a Kinkinau. Kuma ba zan ɓata muku lokaci da cewa mutumin kirki ne ba, don kowa ya mutu haka ake ce masa. Abu ɗaya zan faɗa a kansa, kuma ba don shi kaɗai nake faɗa ba.

Baba ya faɗo daga kan gini tun ina goye, ƙugunsa ya gurɗe, hawan sama ya gagare shi. Sai wani Alhaji ɗan Kano da ke da gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu a Hayin Banki ya ɗanka masa kula da gidan, ya ba mu ɗaki na tara, can a lungun baya. Baba ba shi da ofis, ba shi da fom, bai iya boko ba. Kayan aikinsa uku ne: guntun rodi da yake dogarawa, cokalin gini, da wani gwangwanin madara cike da siraran gilasai, kowanne tsawon yatsa, waɗanda yake roƙa a wurin mai yankan gilashin taga.

Kowace shekara, da ya ga tururuwa ta fara kwashe ƙwanta, sai ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango da rodin nan, kunnensa a jikin gini kamar mai sauraren gulma. Inda ya ga tsaga, ba ya shafe ta. Sai ya ɗauko gilashi ɗaya ya gicciya shi a kan tsagar, ya liƙa bakinsa biyu da siminti, ya bar tsakiyar a fili. In damina ta wuce gilashin na nan lafiya, sai ya ja layi ɗaya da ƙusa a gefensa. Shi ke nan aikin.

Ni kunya abin yake ba ni. A makaranta 'yar mai gilashi ake ce mini. Wata rana, ina aji uku, na tsaya a kansa yana durƙushe a bayan ɗakinmu, na ce, "Baba, don Allah ka shafe tsagar nan da siminti kowa ya huta. Sai ka ce mai yi wa bango ɗori."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Uwata, in kika toshe wa majinyaci baki, ya warke ke nan? Bango ba ya da harshe, gilashin nan ne bakinsa. Ran da kika ga ya karye, ƙasa ce ke tafiya. Ran nan kada ki tsaya neman takalmi."

A nan ya gaya mini abin da ban ɗauka da muhimmanci ba sai yanzu. Lungun da ɗakinmu yake, tsohon kududdufi ne. Yana lebura aka cike shi da shara da ɓaraguzai, da idonsa ya gani. Sau biyu Alhaji ya so ɗora bene a kan gidan, sau biyu Baba ya miƙa masa makullai ya ce ya nemi wani. Alhaji ya yi fushi, ya huce, bai ɗora ba.

Yau in Baba ya dawo Hayin Banki sai ya nemi ɗan jagora. Tun da aka gyara gadar Kawo, ga kuma jirgin ƙasa na kai mutum Abuja ya dawo, unguwar ta cika ta batse. Ma'aikata sun ajiye iyali a nan suna aiki can. Mutanen Zamfara da Katsina da ƙauye ya gagara sun kwararo, direbobi, leburori, masu talla. Inda muke tsinkar zogale yanzu shaguna ne. Ɗaki kuwa, kafin mai fita ya gama kwashe tabarmarsa wani na tsaye da tasa a ƙofa.

Alhaji ya bi Baba da shekara biyu. Magadansa suka miƙa gidan ga wani kamfanin kula da gidajen haya. Kuma zan faɗi gaskiya, don Baba ba ya son a rage wa mutum haƙƙinsa: sun yi aiki. Sun haƙa rijiyar burtsatse, matan gidan sun daina tashi da bokiti. Sun sa fitila mai aiki da rana a zaure. Kowane ɗan haya na da takardar yarjejeniya a hannu, babu mai tashinsa don ƙanin mai gida zai yi aure. Na tabbata Baba da zai so wannan, don ba abin da ke hana shi cin tuwo kamar ranar da aka sa shi ya ce wa mai iyali ya tashi. Da zai sha ruwan famfon nan ya ce madalla. Sannan da zai yi tambaya ɗaya: wa ke zagaya gidan?

Babu mai zagayawa. Manaja huɗu aka canja cikin shekara biyar, kowa ya zo da rigarsa a goge ya tafi. Suna da fayil ɗin gidan, da taswirarsa, da sunan kowa da lambar wayarsa. Kududdufi ne kawai babu a fayil, don a cikin kan Baba yake, kuma an rufe shi da shi. Bara, bayan damina, suka ɗora bene mai ɗaki shida. Suka aza manyan tankunan ruwa biyu a sama, daidai kan lungun baya, wai don kada su ɓata fuskar gida. Suka yi filasta, suka yi fenti ruwan madara. Gidan ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Wannan ce damina ta farko da zai gani da kayan nan a kansa.

A ɗaki na tara kuma yayata Rabi ce, da 'ya'yanta uku. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana a gida ba.

Watan jiya na je wurinta, na tura ƙofa ta ƙi buɗuwa sai da na sa kafaɗa. Yaya ta ce ai ƙofar ce ta lalace, sau biyu kafinta yana fere mata ƙasa, tana sake kamawa. Baba yakan ce ƙofa ce ke fara kai ƙara. Ko zama ban yi ba, na zaro almakashi daga jakata na zagaya baya. Na san wurin kamar tafin hannuna, kamu uku daga ƙasa, kusa da bututun wanka. Na kankare fenti, na ɓantare filasta. Layukan ƙusa suka fara fitowa, goma sha uku, a jere. Sannan gilashin. Ya rabu biyu, kuma ɓari biyun ba su ma daidaita ba, ɗaya ya sauka ƙasa da ɗayan, har farcena na maƙalewa a tsakani.

Washegari na tafi ofishin kamfanin a Abakpa. Manajan saurayi ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya ba ni ruwan sanyi. Na gaya masa komai.

Ya ce, "Hajiya, injiniya ya duba gidan nan kafin a ɗora komai. Ga takardarsa."

Na ce, "Ya zagaya baya?"

"Ai injiniya ne."

"Na ji injiniya ne. Ya zagaya baya, ko a zaure ya tsaya?"

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa mai taɓin hankali. Ya ce in turo hoto ta waya, za a ba ni lambar koke. Aka ba ni. Bayan kwana huɗu suka aiko mai fenti, ya cike wurin da na kankare, ya shafe, ya tafi. Da yamma saƙo ya shigo wayata cewa an magance matsalata, suna godiya. An toshe wa majinyaci baki, an ce ya warke.

Ban ce mugaye ba ne. Da mugaye ne da abin ya zo da sauƙi, sai a yi faɗa. Mutane ne da suka iya kula da takardar gida, ba su san gidan ba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle yaron da ko rimin bai je ba, hoton rimin aka turo masa.

Na koma wa Yaya na ce ta tashi. Tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba.

"Ke dai Jamila da wutar ciki. In tashi in je ina da yara uku? Ɗaki a unguwar nan ko na kaji ne sai kin bi layi. Allah ne mai tsarewa."

Na ce, "Shi ne kuma ya ba Baba ido."

Ta ce, "Baba ya tafi da idonsa." Ta buga rariya a gefen kwano. "Kuma in na fita yau, gobe wata ce za ta shigo da nata yaran. Ita kuma wa zai gaya mata? Ke?"

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni, ita ce kuma ta sa na ɗauki biro. Ba ni da haƙurin Baba, shi da yake jiran damina guda don ya ja layi ɗaya. Amma gwangwaninsa na hannuna, shi ne gadona, da kowa ya ƙi ɗauka ranar rabon kaya. Ranar wata Juma'a na sayi siminti cikin leda, na sake kankare fentin, na gicciya sabon gilashi a ƙarƙashin tsohon, yadda na sha ganin yana yi. Matan gidan suka fito suna kallo. Wata ta ce, "A'a, Mai Gilashi ya dawo da ɗankwali." Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Ruwan fari ya sauka ranar Talatar da ta biyo, da la'asar, bai ma kai awa ɗaya ba. Da safe na hau bas na je. Gilashin Baba ya ga damina fiye da goma sha uku. Nawa kwana huɗu ya yi.

Na ciro ɓari biyun na naɗe a ƙyalle, na kai wa manaja na ajiye a kan teburinsa. Wannan karon bai yi murmushi ba. Ya juya su da bakin biro, ya ce zai kai maganar sama. Ina fata saman ta fi ta gidan ƙarfi. Yaran Yaya yanzu suna wurina a Kinkinau, mu biyar a ɗaki ɗaya da keken ɗinki, mijina ya karɓe su hannu biyu, Allah ya saka masa. Yaya ta ƙi biyo su. Ta ce in aka ga ɗakin a kulle za a ɗauka ta tashi. A ɗaki na takwas akwai mai jego. A na goma akwai tsohon da ba ya iya tashi sai an kama shi. A sama mutum shida ne da ban ma san sunayensu ba.

To me ya rage na Malam Haruna bayan shekara bakwai? Bai bar gida ba, bai bar fili ba. Sunansa babu a fayil, layukansa an shafe su da fenti sau biyu. Abin da ya bari shi ne wannan: gidan haya ba takarda ba ne, mutane ne ke kwana a ƙarƙashinsa, kuma dole wani ya taka da ƙafarsa ya zagaya baya, inda ba a ɗaukar hoto. Duk mai gida ko kamfanin da ke karanta wannan, gilashi ba ya da tsada, mai yankan taga kyauta yake zubar da shi. Wanda ya ƙi ji ba zai ƙi gani ba, sai dai a wannan karon masu ganin ba su ne suka ƙi jin ba.

Jiya na kira Yaya. Ta ce ƙofar ta daina rufuwa gaba ɗaya, da turmi take tokare ta. Na ce ta ajiye takalminta a bakin ƙofa. Ta ce ai Baba cewa ya yi kada a tsaya nemansa.

Ina rubuta wannan, hadari ya haɗo ta gabas. Wannan bai yi kama da mai watsewa ba.