Kawu Sabo Ya Je Jidda Binciken Halin Kifi

Hindawiyya

Muna idar da sallar asuba Kawu Sabo ya danna hon a bakin lungunmu, kamar shi kaɗai ke da mota a Makka. Ƙanin Ummata ne, direban tasi, kuma shi ne mai binciken aure na danginmu kaf. In saurayi ya fito neman 'yar gidanmu, Kawu ake turawa ya tono halinsa. Ni kuwa kifi zan sayo a Jidda, mota kawai na roƙa.

Ku da ke Kano kada ku ce zafin Makka ne ya taɓa mu, ga dalili. Abbana, Allah ya ji ƙansa, ya bar mana ɗan akwatin gilashi na ruwan teku a falo. A ciki akwai kifi biyu masu launin ruwan lemo, da murjani mai rai da ya raina tun bai fi ɗan yatsa ba. Sai wasu tsutsotsi jajaye, ƙanana kamar riɗi, suka lulluɓe murjanin, ya fara tsukewa. Umma ko kallon wajen ta daina yi, abin kuwa yana ci min rai. Aka ce min maganinsu wani kifi ne da masu sayarwa ke kira ras, shi ke tsince su. Sai dai a jinsin akwai 'yan daba, in ka yi sake ka kawo wanda zai halaka 'yan gida.

Ina gama yi wa Kawu bayani ya gyara hula. "Ashe baƙo za a shigo da shi gida. To Bashir, wannan aikina ne, kai ka yi shiru."

Bahra

A Bahra muka ratse muka karya da ful, wato dafaffen wake, da tamis, gurasar nan mai faɗin faifai. Kawu ya cinye nasa, ya taya ni da nawa, yana jero tambayoyin da zai yi. Na ce, "Kawu, kifi ne fa." Ya ce mijin 'yar maƙwabcinmu ma haka aka ce mutum ne, ga shi nan yanzu kowa ya gani.

Jidda

Sammakonmu ya tashi a banza, shagon a rufe muka same shi. Kawu ya kishingiɗa a mota yana minshari, ni ina jiƙewa da gumin Jidda, har hantsi ya yi sosai mai shagon ya iso, wani ɗan Yaman mai fara'a.

Ya fara nuna mana wani ɗan kifi mai ratsi shida, kyakkyawa na ƙarshe. Nan take raina ya biya. Kawu ya dafe min ƙirji.

Ya dubi mai shago ya ce, "Ya ahi, ɗan'uwa, su wane ne iyayensa?"

Mai shago ya ce teku.

"Tayyib, to madalla. An taɓa ɗaukarsa aka dawo da shi?"

Mutumin ya sosa ƙeya, ya ce sau biyu, wai yana korar abokan zama. Kawu ya juyo ya kalle ni, kallon da har yanzu ban yafe ba.

Na biyu kore ne mai ƙiba. Kawu ya ce shi ba ya karɓar shaidar mai kaya, maƙwabta ake tambaya. Ya manna hanci a gilashi yana duba sauran kifayen, sai ga su duk sun maƙale a kusurwa, jelarsu a yayyage. Mai shago ya amsa cewa wannan zai girma ya kusa kamu biyu, yana kuma kifar da duwatsu. Halas, wato shi ke nan, aka wuce.

Na uku ɗan rawaya ne siriri, yana ta tsince-tsincensa a jikin dutse, babu ruwansa da kowa. Kawu ya ce a zuba abinci, don a gaban kwano ake gane ɗan mutunci. Aka zuba. Ya ci nasa bai ture kowa ba. Mai shago ya ce yana cin irin tsutsarmu, amma sai da yashi mai laushi a ƙasa da murfi a sama, don yana tsalle, in ya tsorata kuma yakan ɓuya, kada a dame shi. Ya ƙara da cewa duk ƙananansu mata ne, in sun girma wasu ke komawa maza.

"A'uzubillahi!" in ji Kawu. Sannan ya ce tunda yanzu mace ce, mun karɓa a haka. Ya nemi ragi, aka rage masa abin da bai kai kuɗin shayi ba, ya fito yana taƙama.

Shumaisi

Aka ɗaure ta a leda da ruwan teku, aka saka ledar a kula, na rungume kular a cinya. Kawu ya ƙure sanyin mota, ya ce amarya ba a gudu da ita. Manyan motoci suna ta wuce mu suna hon, ni kunya kamar in nutse.

A shingen Shumaisi, inda wanda ba Musulmi ba ke juyawa, jami'i ya duba takardunmu, ya nuna kular. Na buɗe. Kafin ya ce uffan Kawu ya riga shi: "Musulma ce, ya shaihu, duk halittar teku tasbihi take." Jami'in ya danne dariya da ƙyar, ya ce, "Yalla, ku wuce."

Gida

Mun iso ana kiran la'asar. Na ɗora ledar a kan ruwa har zafinsu ya daidaita, na saki kifin. Ƙiftawar ido ta tsunduma cikin yashi, ɓat!

Umma ta fito daga kicin. "Ina abin da kuka wuni kuna nema?"

"Kunya ce, Yaya," in ji Kawu. "'Yar tarbiyya ke nan. Sai an sayi baki."

Ya zuba gutsuren jatan lande, 'yan gida biyun suka cinye. Washegari ya dawo da wani, suka sake cinyewa. Kwana ya bi kwana babu amarya, murjani na ƙara tsukewa. Umma ta ce mu dai faɗi gaskiya, ruwa muka sayo a leda. Ni kaina na fara tunanin ta mutu a ƙasan yashin, hankalina ya tashi ƙwarai.

Ran Juma'a da hantsi na ji Umma ta ƙwala min kira. Na fito a guje. Ga 'yar rawaya tana zagaya murjanin Abba, tana tsince jajayen nan ɗaya bayan ɗaya, 'yan gida na iyo a gefenta lafiya lau.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Kawu duk da bai bar ni na yi magana ba.

Umma kuwa sai ta jawo kujerar Abba, wadda babu wanda ya zauna a kai tun rasuwarsa, ta ajiye gaban gilashin ta zauna. Ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Bashir, matsa da ƙaton kanka, ka tare min."