Kawu Mai Keke da Tunkiyar da ta Shiga Coci

Kawuna mai gyaran keke ne, wan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. Amma in ka shigo cocinmu ka ce "Kawun wa?" yaran rabin unguwa za su ɗaga hannu. Ni da na gaje shi a jini, sai dai in bi layi.

Rumfarsa tana bakin titi, jikin shagon mai wanki da guga. Tayoyi rataye a ƙusa, bokitin ruwan neman huji, famfo, da wani benci mai ƙafa uku, ta huɗun dutse ne. Hannunsa kuwa ko da sabulun duniya aka wanke, baƙin mai ba ya barin faratansa. Ran Lahadi in ya sa farar riga, sai ka ce hannuwan aro ya yi.

Kawu yana da i'ina, ba kuma 'yar ƙarama ba. In ya kama kalma, kana iya zuwa ka sha ruwa ka dawo ka same shi a kanta. Mama ta ce yana saurayi an taɓa ba shi karatu a gaban jama'a, ya maƙale a kalmar farko har mawaƙa suka ji tausayinsa suka ta da waƙa. Da wani ne, da shi da coci sai a lahira. Shi kuwa sai ya zagaya baya, ɗakin yara inda kowa ke gudu, ya roƙa a ba shi makarantar Lahadi. Tunda baki ya ƙi, sai ya koyar da hannu da ƙafa. Tsohuwar taya ta zama ramin zakuna. Kwalaye su zama ganuwa, a zagaya, a yi ihu, ta zube. Ƙararrawar keke tana aljihunsa, da ita ake farawa, da ita ake tsayawa.

Duk cikin wasanninsa babu kamar wasan tunkiya. Yaro ɗaya zai ɓuya, shi ne tunkiyar da ta ɓata, sauran su bazu nema. Dokar ɗaya ce: ba a tashi sai an ga tunkiya, ko iyaye sun fito suna jira, ko hadari ya haɗu. In an gan ta, Kawu ya saɓa ta a kafaɗa, kowa ya kwarma ihu, "An same ta!" Yara suna zaton haka kawai yake zaɓa. Ina! Tun daga bakin ƙofa yake lura da wanda ya zo fuska a ɗaure, ko wanda aka bari shi kaɗai a benci. Wannan shi ne tunkiyar ranar. Ni ma na hau kafaɗar nan shekarar da babanmu ya rasu, ban gane dalili ba sai da gemu ya fara tsiro mini.

Matsalar ita ce ɗakin yara da coci bango ɗaya ne. Akwai kuma wani dattijon ikilisiya da muke ce wa Baba Agogo, don ko addu'a ake yi, ido ɗaya yana kan tsintsiyar hannunsa. Wata Lahadi ganuwar kwali ta zube daidai lokacin da Fasto ya ce kowa ya yi tsit. Ana tashi Baba Agogo ya tare Kawu.

"Mai keke, nan gidan Allah ne ko filin ƙwallo? In muka ƙara jin yaran nan a cikin sujada, ka ajiye aikin. Akwai mai koya masu haddar aya, su zauna kamar 'ya'yan mutane."

"To, Ba... Ba..."

"Na ji, na ji," in ji Baba Agogo, ya yi gaba abinsa.

Kawu ya naɗe ƙararrawarsa da tsumma. Ihu ya koma ɗaga hannu sama. Yara suka zama kamar ɓarayin kaji, komai a kan yatsun ƙafa.

Ana nan sai aka kawo wata yarinya, jikar tsohuwar da ke share coci. Iyayenta sun rabu, kowa ya kama gabansa, aka ajiye ta wurin kaka kamar kayan da za a dawo a ɗauka, ba a kuwa dawo ba. Ba ta magana da kowa, yara suka sa mata Shiru-shiru. Ba sai na gaya maka wa Kawu ya zaɓa tunkiya ba.

Ranar na fito shan iska a tsakiyar wa'azi, don ni da benci ba ma daɗewa muna shiri. Na tarar da yara sun watsu a fili suna nema ba ko tari. An duba bayan tankin ruwa, an duba ɗakin ajiyar kujeru, an leƙa ƙarƙashin motar Fasto. Babu tunkiya, babu dalilinta. Can sai ga autan ajin da silifar yarinyar ƙafa ɗaya a hannu, ya ce a ƙofar gefe ta coci ya tsinta. Na leƙa ta taga. Teburin da ke gaban mumbari yana da farin mayafi har ƙasa, ga 'yar ƙafa ta leƙo daga ciki. Ashe lokacin da kowa ya rufe ido ana addu'a ta sulale ta shige.

"Kawu, ƙyale ta," na ce. "Ai ba ɓata ta yi ba, gidan Ubanta take. In an tashi a ɗauko ta. Ga Baba Agogo can a layin gaba, ka san sauran."

Yara suka zuba wa Kawu ido. Ya dubi ƙofar, ya dubi silifar.

"Ta... tana ji... jira."

Ya tuɓe takalmansa, ya danƙa mini ƙararrawa, ya shiga. Bai ce kowa ya biyo shi ba, amma garke ai ba ya tsayawa in makiyayi ya yi gaba. Suka bi shi a jere, ƙafa ba takalmi, har tsakiyar coci. Fasto ya tsaya da hannu a sama. Kawu ya durƙusa ya ɗaga mayafin da baƙin hannun nan nasa. Yarinya ba barci take ba, idonta biyu, ta rungume gwiwoyi. Ya ɗauke ta ya aza a kafaɗa.

Yaran nan sun yi ƙoƙari, in faɗi gaskiya. Suka ɗaga hannu sama, kumatu a kumbure kamar tayar da aka cika wa iska. Sai tayar autan ajin ta fashe: "An same ta!" Shi ke nan, rufin kwano ya amsa. Wata mata a baya ta ce amin ba ta san ta faɗa ba. Mai ganga ma hannunsa ya kuɓuce. Na ce a raina, Kawu, aiki ya tafi.

Bayan sujada dattawa suka kira shi ofishin Fasto. Ni kuma taga ta sake yi mini rana.

"Magana ɗaya na yi, kowa ya ji," in ji Baba Agogo.

"Na sa... sa..."

"Ba sai ka..."

"Baba, a bar shi ya kai ƙarshe," in ji Fasto.

Aka bar shi. Ya yi gumi, amma ya kai. Ya ce ya san za a karɓe ajin tun kafin ya tuɓe takalmi. Amma shi ya gaya wa yaran ba a barin tunkiya, in ya bar wannan, da wane bakin zai koma masu?

Fasto ya sa aka kira kakar da jikarta. "'Yata, duk faɗin filin nan, me ya kai ki ƙarƙashin tebur?"

Ran nan na fara jin muryarta. "An ce nan ne aka hana Kawu yin wasa. Na ce bari in gani ko zai zo."

Tsohuwa ta kai bakin zane ido. Ɗakin ya yi irin shirun da Baba Agogo ya daɗe yana nema, sai ga shi shi ne ya kasa jure shi. Ya yi gyaran murya, ya juya agogonsa, ya sake juyawa.

"Doka dai doka ce," ya ce. "A fitar da su daga jikin bangon nan. Su koma ƙarƙashin mangwaro, can ƙarshen fili, shi da su, su yi ta ihunsu. Ƙofar gefe kuma ni da kaina zan tsare ta."

"Na go... go... go..."

Wannan karon Baba Agogo ya tsaya har godiyar ta fito duka.

Yanzu duk Lahadi yana kan kujera a ƙofar gefe, yara suna ce masa mai gadin garke, yana yi kamar bai ji ba. Shiru-shiru kuwa sunan ya zama ƙarya, ita ce mai fara ihu kafin ma a ga tunkiya sosai.

Washegarin abin na biya ta rumfa na mayar wa Kawu da ƙararrawarsa. Na ce, "Kawu, abokaina suna fariya da kawunnansu masu mota. Ni nawa ya tsayar da wa'azi ƙafa ba takalmi, ya kuma fito da aikinsa a hannu."

Ya kwance tsumman, ya kaɗa ta sau ɗaya ya ji tana nan lafiya, ya jefa aljihu.

"Miƙo mini si... sifana," ya ce.