Man Gyaɗa a Bindigar Baba

Tun da aka kawo ni Madarumfa nake tsoron bindigar Baba, surukina, ta korar birai. Yau warin kananzir ya tuna mini da shi.

Wata rana kunamarta ta cije da harsashi a ciki. Ɗiyata na rarrafe kusa, maigidana yana ta bubbuga ta.

Baba ya ce, "Ajiye. Man gyaɗa ka zuba, ya kama rairayi. Ƙosai ce? Ke, ɗauki yarinya ku fita."

Ta zana na hango ya juya bakinta ƙasa, yana wankewa da kananzir da gashin kaza har ta saki.

Ya rasu, yanzu ni ke tsare dokarsa, ba sassauci. Allah ya ji ƙansa. Don Allah, ku fitar da yara kafin ku taɓa bindiga.