Dirhamin Ɗalhatu Mai Giɓi

Ɗalhatu Sanda mutumin Gusau ne, kuma tun 2016 muke ɗaki ɗaya da shi a unguwar Al Quoz, a ƙasar Larabawa. Ni Dikko tasi nake ja. Shi kuwa aikinsa zagaya masaukan leburori yana buɗe injinan sayar da lemo, ya cika su da gwangwani, ya kwashe kwabban da aka zuba. Shiru-shirunsa har haushi yake ba ni, don sai ka yi masa magana uku kafin ya mayar maka da ɗaya.

A wurin aikin nan ya kamu da son kwabbai. Wasu 'yan dabara kan cusa wa injin peso na Filifin, saboda girmansa ɗaya da dirhami, sai kamfani ya ce lallai ya riƙa duba kowane kwabo yana ware baƙi. Da yawan kallo idonsa ya buɗe. Ya fara gane wanda hoton butar gahawar da ke jikinsa ya goce gefe, da wanda rubutunsa ya fito biyu-biyu tun daga masana'anta. Ya sayi madubin ƙara girma, in ya ga irin waɗannan ya musanya da lafiyayyen dirhaminsa ya ajiye. Na sha ce masa, "Kai dai mutumina ka huta, kowa na neman lafiyayyen kuɗi, kai nakasassu kake bi."

Akwai wani tsoho Ba'indiye, Sharfuddeen, mai shagon tsofaffin kuɗi a Al Rigga, inda masu wannan sha'awar ke haɗuwa bayan sallar Juma'a. Zuwan Ɗalhatu na farko bai yi daɗi ba. Don ya burge su, sai ya goge kwabbansa tas da lemun tsami da gishiri, yadda ake wa tasa a gida. Ashe a wurin mutanen nan, goge kwabo kashe shi ne. Tsohon ya kalla sau ɗaya ya ce "Khalas," wato shi ke nan, ya turo masa kayansa. Da ni ne na tafi ke nan, amma shi ya ci gaba da zuwa yana sauraro, shekara biyu cur.

A 2019 ya tsinci dirhami mai giɓi a gefe, kamar an gatsi ƙuli-ƙuli. Wannan karon ko yatsa bai sa masa ba, a takarda ya naɗe shi, ni na kai shi shagon. Tsohon ya duba, ya tambaye shi unguwar da yake zaune. Da jin Al Quoz, inda masu walda da yankan ƙarfe suka cika, sai ya ajiye madubinsa.

"Habibi, da almakashi aka yanke wannan. In ka sake kawo mana irinsa, kada ka ƙara shigowa nan."

Wani da ke bayanmu ya yi gunaguni, na ji ya ambaci Najeriya. Wallahi raina ya ɓaci, na miƙe zan yi musu tas, Ɗalhatu ya riƙe mini riga. Muka fita muka shiga mota. Ya ce, "Dikko, ɗan damfara fa suka kira ni a fakaice. Ba kwabon ne ya dame ni ba, sunana nake so in wanke."

Abin da tsohon bai sani ba, mahaifin Ɗalhatu maƙerin farfaru ne, mai narka tsofaffin sulalla yana ƙera wa mata zobba. A maƙerar nan Ɗalhatu ya tashi har ya yi shekara ashirin. Juma'ar da ta biyo ya aro almakashin ƙarfe, ya ɗauki peso ɗaya cikin waɗanda ya ware, muka koma. A gaban kowa ya gutsure gefen peson, ya ajiye shi kusa da dirhamin.

"Baba, duba wanda na yanka yanzu. Bakinsa da kaifi, zanen ya tsaya cak inda almakashi ya bi. To duba nawa. Shi an gutsure shi ne tun yana fili, kafin inji ya buga masa zane. Da aka buga, ƙarfen ya gudu wajen giɓin, shi ya sa zanen ya dusashe, bakin kuma ya kwanta. Duba ɗaya gefen, saitin giɓin, za ka ga gezar, wato tudun bakin kwabon, ba ta tashi sosai ba. Almakashi ba ya yin wannan."

Tun da nake da shi ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba. Tsohon ya daɗe a sunkuye, ya juya wannan ya juya wancan, ya ɗauko wani littafi ya gwada da hoto. Can ya miƙe tsaye ya ba Ɗalhatu hannu.

"Na yi kuskure, kuma a gaban mutane na yi shi, don haka a gabansu nake ba ka haƙuri."

Na waiwaya na zuba wa mai gunagunin nan ido har sai da ya sunkuyar da kai. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Sai tsohon ya jawo aljihun tebur, ya fito da kwabbai huɗu masu giɓi da ya saya shekaru da yawa, yana ji da su. Ya miƙa wa Ɗalhatu madubinsa ya ce ya duba masa. Ɗalhatu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba, sannan ya raba su gida biyu.

"Waɗannan na gaske ne, Baba. Waɗannan biyun kuwa, ka yi haƙuri, almakashi ne."