Mariƙin Tagullar da Ya Ci Yayana Bawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bawa, kuma har yau ban san inda kabarinsa yake ba. Na san a Jidda ne, na san cikin tsakiyar zafi ne, iyakar sanina ke nan. Mutane suna ce mini in yi haƙuri, wai wanda ya cika a wannan ƙasa ya yi dace. Haƙurin da ke tsakanina da Allah na yi shi tun ranar da labari ya iso. Wanda ke tsakanina da mutane ban yi ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami nake rubuto wa mutanen gida yadda abin ya faru.

Daga Kano muka taso da mahaifinmu, a ƙasa, ta Sudan. Mahaifinmu ya rasu kafin mu haye teku, Bawa ne ya ƙarasa da ni Makka. Shi ya gaji sana'ar gidanmu ta ƙirar tagulla, ya kafa 'yar rumfa a wani lungu na unguwar Jarwal, yana gyaran butocin gahawa da turamen daka ta da manyan farantai. Ni kuwa bakina ya kama Larabci da wuri, na zama tafinta wajen wani muɗawwifi, wato mai kula da alhazai, ta hannunsa na sami iƙama, takardar izinin zama. Bawa bai samu ba. Shekara da shekaru yana aiki da kunne ɗaya a waje, in an ce ana kame sai ya kashe wuta ya shige gida.

Mutumin da ya jawo mana wannan ba zan kama sunansa ba. Attajiri ne jikan Hausawa, a Makka aka haife shi, yana da kantuna a Hindawiyya da takardar ɗan ƙasa. Ba ya jin Hausa sai ranar da yake da bukata. Ran nan da hantsi ya zo rumfar Bawa da Hausarsa garau, ina zaune, ya kwance wani ƙunshi. Tsohuwar bindiga ce libarba ta ubansa, wanda ya yi rakiyar ayarin raƙuma a hanyar Madina, irin wadda sai an ɗaga kunamarta da babban yatsa kafin kowane harbi. Ƙarfen da ke riƙe da katakon mariƙinta, wanda ya zagayo ta ƙarƙashin yatsa, tsatsa ta cinye shi har ya karye. So yake a zuba masa sabo na tagulla.

Bawa ya ƙi. Ya ce shi bai taɓa aikin makami ba, ba kuwa a garin da ko tsuntsu ba a kashewa zai fara ba. Mutumin ya dawo bayan kwana biyu, ya rantse cewa bindigar ta daɗe da mutuwa, ko harsashinta babu, bango kawai zai rataye ta saboda bikin ɗansa, baƙi su ga abin da kakan ango ya bari. Bawa ya sake ƙi. A zuwa na uku ne ya faɗi maganar da ya san babu wanda ba shi da takarda zai iya toshe mata kunne. Ya ce zai tsaya wa Bawa, ya zama kafilinsa, ya fitar masa da iƙama shi da matarsa Kande. Ni na sa baki a ranar. Ni na ce, Yaya, mariƙi ne kawai, ka yi ka huta da gudu.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana aikin. Ya siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya narkar da wani fasasshen turmin gahawa ya zuba. Na farko bai zauna ba, ya fasa ya sake. Na biyun ya goge shi har mutum yana ganin fuskarsa a ciki, ya zana masa ɗan ado irin na bakin faranti. Cikin bindigar bai taɓa ba, ko ƙusa ɗaya ta wajen kunama bai kwance ba, wannan na gani da idona. Maƙwabta sun yi ta zuwa kallo. Aƙalla magidanta biyar sun ji da kunnensu sa'ad da mai ita ya sake rantsuwa cewa ta ado ce.

An yi bikin a wata gona bayan gari. Bayan la'asar ƙanen ango ya ɗauko bindigar, ya ɗura mata harsashin da aka ce babu, ya ɗaga kunama yana wasa da ita a cikin mutane. Ta tashi. Ta sami Malam Isa, wani Bazazzagi mai dafa shinkafar biki, ta farfasa masa ƙugu. Da hukuma ta zo tambaya, sai attajirin ya ce bindigar ubansa shekara arba'in ba ta taɓa tashi ba, sai da wani maƙeri Takaruni, kamar yadda suke kiran mutanenmu a nan, ya yi mata gyaran da ba a sa shi ba. Hausarsa ta ɓace a ranar. Ya ce ko sunan mutumin bai sani ba, amma ya san lungun.

Da safe aka zo aka tafi da Bawa, hannunsa duk toka. Aka kira ni in yi tafinta, ba su san ƙanensa ne ni ba, ni kuma ban faɗa ba. Aka tambaye shi abin da ya yi wa bindigar. Ya dubi mai tambayar, bai dube ni ba.

"Mariƙi na yi," in ji shi. "Wurin da hannu yake kamawa. Wanda ya sa harsashi da wanda ya ɗaga kunama suna da suna, a tambayi mai gidan."

Na fassara rabin farko daidai. Rabi na biyu na sassauta shi, na ce yana cewa bai san sauran ba. Muɗawwifin da takardata ke hannunsa surukin attajirin ne, kuma tun da asuba an aiko mini cewa in yi hankali da bakina. Bawa yana jin Larabci gwargwado. Ya ji abin da na yi. Ya sunkuyar da kai.

Aka nemi shaidu. Magidanta biyar ɗin nan, waɗanda Bawa ya yi wa matansu gyaran tukwane, ya wanke gawar iyayen wasunsu, babu wanda ya fito. Uku ba su da takarda, su na fahimci tsoronsu ko da ban yafe ba. Biyun suna da ita, ba abin da za su rasa sai gaisuwar mai kanti. Malam Isa kansa, yana kwance ƙugu a karye, ya ce bai ga wanda ya riƙe bindigar ba, don shi ma zaman ɓoye yake yi. Wani masani da aka kai wa libarbar ya duba ya ce aikin tagullar ba shi da alaƙa da tashinta, aka wanke Bawa daga laifin harbi. Amma an riga an gano ba shi da iƙama. Aka kai shi Jidda jiran jirgin ruwan da zai mai da shi gida. Jirgi ya yi jinkiri, zazzaɓi bai yi ba. Wani da suka zauna tare ya kawo mana labari bayan an binne shi da kwana tara.

Yau Makka ta sake. Ana ta rushe tsofaffin gidaje ana faɗaɗa Harami, motoci sun cika hanyar Aziziyya, alhazanmu da yawa ta sama suke zuwa, su yi cikin yini ɗaya tafiyar da ta ci mana shekaru. Butar alminiyam da kwanon roba sun cika kasuwa, in sun lalace a yar. Ina jin da Bawa yana nan zai ɗauki irin butar nan ya ƙwanƙwasa, ya yi dariya, ya ce an huta da maƙera. Wannan ba zai dame shi ba. Abin da zai ƙona masa rai shi ne ya ga halinmu yana nan inda ya bar shi. Har yau mai takarda yana amfani da marar takarda kamar tsumman goge hannu, kuma dukansu Hausa ɗaya suke ji. Har yau in an kama mutum, unguwa takan yi tsit, sai bayan an tafi da shi a taru ana salati. Attajirin nan kuwa shekarun nan duka shi ne mai ciyar da alhazan gida, shi ake kai wa manyan baƙi, ana shi masa albarka da harshen da ya musanta.

Watan jiya ciwo ya kwantar da shi. Ya aiko ɗansa, angon nan na wancan biki, ya same ni ya ce mahaifinsa yana roƙon iyalin maƙeri su yafe masa. Na kai shi wajen Kande, matar Bawa. Tana nan Jarwal, tana soya ƙosai a ƙofar gida, da shi ta aurar da 'ya'yan Bawa biyu. Ta saurare shi har ya gama, ba ta ɗaga kai daga kasko ba.

"Ba a ɗakina ya yi ƙaryar ba," in ji ta. "Ya koma inda ya faɗe ta, gaban waɗanda ya faɗa wa, ya ce ƙarya ya yi. Sannan ya aiko."

Sai ta juyo ta dube ni ta ce, "Kai ma haka, Hamza." Ashe ta sani. Bawa ya aiko mata da saƙo daga Jidda ta bakin mutumin nan da suka zauna tare, ya gaya mata komai, ya kuma ce kada ta hana ni ganin 'ya'yansa. Shekara bakwai tana zuba mini abinci ba ta taɓa nuna mini ba.

Attajirin bai koma ba har yanzu, ban kuma sa ran zai koma. Ni na je ofishin da na yi tafintar, aka ce wanda ya yi tambayar ya daɗe da barin aiki, magana ta wuce. To, ga ta nan a rubuce, inda dubban mutane za su karanta. Bawa maƙerin Jarwal bai yi ƙarya ba, bai cuci kowa ba, an tambaye shi ya faɗi gaskiya cikakkiya, ƙanensa ne ya rage ta. Rumfarsa ta zama shagon ɗinki, kayan aikinsa sun watse, ba shi da kabarin da za a nuna. Abin da ya bari shi ne wannan gaskiyar da mace ɗaya da ta ƙi a saye ta da ban haƙuri. Allah ya jiƙansa, mu kuma da muka yi shiru ya ba mu ikon faɗa tun muna da baki.