Kwaɓin Gidan Bodonyi

Etelka Bodonyi tana da shekara saba'in da huɗu, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ita ce malamar rini a makarantar sana'o'in hannu ta wani ƙaramin gari a kudancin Hungary. Ajinta yana can ƙasan bene, a ɗakin da a da ake tara gawayin ɗumama ginin, domin nan kaɗai hukumar gari ta yarda a haƙa rami. Mai saukowa yakan fara jin warin shuni kafin ya ga kowa.

Rinin da take koyarwa na bugu ne. Ana ɗaukar hatimin katako mai ƙananan ƙusoshin tagulla da aka jera su kamar fure ko ganye, a dangwala shi cikin wani kwaɓi mai kauri, a buga a kan farin yadi. Yadin ya yi makonni a rataye har kwaɓin ya bushe ƙamas. Sai a tsoma shi ramin shuni, a ɗago shi ya sha iska, a sake tsomawa, har shuɗin ya yi duhu. A ƙarshe a wanke da ruwan tsami, kwaɓin ya zube, duk inda ya zauna ya fito fari tas. In kwaɓin bai yi kyau ba, babu mai sani sai ranar wanki, kuma ranar babu gyara.

Duk wannan Etelka tana koyarwa ba tare da ɓoye komai ba. Abu ɗaya ne ta yi shekaru tana riƙe da shi, wato yadda ake haɗa kwaɓin. A gida take haɗawa, ita kaɗai, ta rufe ƙofar madafa, sannan ta kawo shi makaranta cikin tulu a kwandon kekenta.

Daga mahaifinta Dezso ta gaji wannan. A zamaninsa gidajen rini huɗu ne a yankin, kowanne yana leƙen na ɗan'uwansa, domin matan ƙauye sun san wane gida ne furensa ke fita fari, kuma can suke kai yadinsu. Dezso bai taɓa sayen kayan kwaɓi a kanti ɗaya ba. Ƙaro da alif a kantin magani, farar ƙasa wurin mai sayar da fenti, shuɗin gishirin nan da ake fesa wa inabi a kantin kayan noma. Kuma kowane zuwa sai ya haɗa da ƙullin sodar wanki, wadda ba ta shiga kwaɓi ko kaɗan. Tarko ne, don duk wanda ya bi sawunsa ya tambayi masu kanti ya kwashi abin da zai lalata masa aiki. Da ciwon ajali ya kama shi, ya kira Etelka ya koya mata haɗin a tsaye, hannu da hannu, ya sa ta yi masa alkawarin ba zai fita daga gidan Bodonyi ba.

Bayan rasuwarsa kasuwar ta mutu. Mata suka koma yadin masana'anta, gidajen rinin suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Etelka ta kama aiki a kamfanin da ke zuba barkono da tumatir a gwangwani, hatiman kuma suka koma saman rufi, ƙura tana cin su.

Wanda ya sauko da su shi ne Gellert, malamin sassaƙa a makarantar, mutum mai gashin baki da yawan surutu, wanda ya yi firamare tare da ita. Ya ji labarin hatiman ya zo ya gani. Ya zauna a tsakar gidanta yana jujjuya ɗaya a hannu, ya ce, "Eta, wannan aikin kika bar wa gara? Ba ki jin tsoron Allah?" Bai bar ta ta huta ba sai da ta bi shi wurin shugabar makaranta. Shi ya gyara ƙusoshin da suka lanƙwashe, shi da ɗalibansa suka haƙa ramin. Etelka takan ce a lokacin ta riga ta yi ritaya, ba ta da abin yi sai kallon kaji, makarantar nan ce ta mayar mata da hannuwanta.

Sai dai ko da ta dawo aikin, ba ta sauya ɗabi'ar mahaifinta ba. Kanti uku take zuwa, kuma ba ta mantawa da ƙullin soda. Gidanta ya cika da soda har ta rasa yadda za ta yi da ita, da ita take wanke daɓe, da ita take goge tukwane.

Gellert ba ya gajiya da tsokanarta. Yakan leƙo daga matakala da garin katako a gashin baki, ya ce, "Uwar shuni, an kama ɓarawon kuwa?"

"Wane ɓarawo?"

"Wanda kike ɓoye wa tulun nan. Duk marinan yankin nan suna maƙabarta, sai ke. Ki nuna mini shi, na rantse ni zan saya masa abin sha."

"Koma ka ci gaba da fere cokulanka, tsohon banza. Mai sassaƙa cokali har ya san sirri?"

Ɗalibai su yi ta dariya. Manya ne dukkansu, akwai mai raba wasiƙu, akwai malamar jinya, akwai wasu 'yan'uwa mata biyu masu gonar inabi. Wadda ta fi kowa naci ita ce Piroska, mai dafa abinci a makarantar firamare, mace mai faɗin kafaɗa da ƙarfin hannu, wadda bugunta ba ya karkacewa. Ta taɓa tambaya sau ɗaya, "Inna Etelka, me da me ke cikin tulun nan?" Etelka ta ce, "Abin da ya kamata." Piroska ba ta ƙara tambaya ba.

A farkon bazarar bara ƙungiyar masu rawar gargajiya ta garin ta roƙi ajin ya rina musu sababbin ƙyallayen gaba, irin waɗanda mata ke ɗaurawa a kan siket, don bikin girbin inabi. Ajin ya yi murna, aka yanka yadi, aka fara bugu. Ana tsakiyar aikin Etelka ta hau tsani za ta ɗaure kurangar inabin tsakar gidanta, tsanin ya goce, ta faɗo ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki a asibitin birni, ta daɗe a kwance.

Ɗalibanta ba su bar ta ba. Mai raba wasiƙu ya ɗauki nauyin kajin, 'yan'uwan nan biyu suka riƙa ba lambunta ruwa, Piroska kuma tana hawa bas duk Lahadi da miyar wake a kwano. Abin da ba su gaya mata ba shi ne tulun ya ƙare, rabin yadin ko hatimi bai gani ba. Sun san ba za ta faɗi haɗin ba, kuma ba su so su ɗora wa mai jinya damuwa.

Piroska ta ce da sauran, "Ni da nake ɗanɗana miya in gaya muku abin da aka zuba, wannan ɗan kwaɓin ne zai gagare ni?" Ta zaga kantunan uku tana tambayar me Inna Etelka take saya. A ƙaramin gari wannan ba tambaya ce mai wuya ba, masu kanti suka lissafa mata komai. Ta haɗa su da idon mai girki, har da sodar. Kwaɓin ya ɗan yi kumfa, amma launinsa ya yi kama da na tulu. Suka buga, suka shanya, suka tsoma.

Ranar wanki, waɗanda aka buga da kwaɓin Etelka suka fito da furanni farare tas. Sauran kuwa shuni ya ratsa su, furannin suka zama wasu tabo-tabo masu hazo, kamar an zubar da madara a kan tebur.

Lokacin an sallami Etelka, tana gida tana koyon tafiya da sanda. Piroska ta naɗe ɗaya daga cikin yadin da ya lalace, ta roƙi Gellert ya raka ta, don ta ce ita kaɗai ba za ta iya shiga ba. Suka sami Etelka zaune a inuwa. Piroska ta shimfiɗa yadin a cinyarta, ta tsaya kamar yarinyar da ta fasa tulu.

Etelka ta murza yadin da yatsu, ta ɗaga shi ta kalli rana ta cikinsa.

"Wa ya haɗa?"

"Ni ce, Inna."

"Me kika zuba?"

Piroska ta fara lissafi, Etelka tana gyaɗa kai, har mamaki ya kama ta, domin matar ta kusa dacewa. Sai Piroska ta ce, "Da soda, kofi ɗaya. Mai kantin ya ce ba ki taɓa zuwa ba ki saya ba."

Etelka ta saki yadin. Dariya ta kama ta, irin wadda ke sa ɗinki ciwo, ta riƙe ƙugu tana cewa, "Wayyo, wayyo ni." Gellert ne ya fara gane abin da ya faru. Ya buga cinya ya ce, "To, Eta, ga ɓarawon da babanku ya mutu yana jira! Mai dafa wa yara taliya!"

Piroska ta ce, "Don Allah ku gaya mini abin dariyar, ni kuka nake ji."

Da aka yi mata bayani ita ma ta yi dariya, amma Etelka ta riga ta daina. Tana kallon matar da ta yi ta hawa bas da kwanon miya saboda ita. Tarkon da mahaifinta ya ɗana wa abokan gaba, ita kuma ta ci gaba da ɗanawa ba tare da ta tsaya ta yi tunani ba, bai taɓa kama kowa ba sai wannan. Kuma ta ga ƙarara abin da zai faru da a ce ba ta tashi daga gindin tsanin nan ba: ramin yana nan, hatiman suna nan, hannuwa masu kyau suna nan, amma fure ba zai ƙara fita fari a garin ba.

A bikin, rabin masu rawa sun ɗaura sababbin ƙyallaye, rabi sun ɗaura tsofaffin na iyayensu. Ba wanda ya yi ƙorafi.

Etelka ba ta yi gaggawa ba. Sai da ta fara kiran ɗanta Botond, wanda yake gyaran injinan hawa bene a Austria, domin shi ne mai haƙƙi. Ta tambaye shi ko zai zo ya koya.

"Mama, ni ko ƙwai ban iya soyawa ba. In kika ba ni, a aljihuna zai ruɓe."

"Na yi wa kakanka alkawari."

"Na sani. To me za ki yi?"

"Zan karya. Shi tsoron sata yake yi, ni tsoron ɓata nake yi. In mun haɗu zan yi masa bayani, in ya so ya yi faɗansa."

Da sanyi ya shigo ta koma makaranta, Gellert da mai raba wasiƙu suka sauko da ita matakala a kan kujera. Ta sa aka jera kayan a kan teburin bugu, gaban kowa. Da za ta fara, sai ta dogara sanda ta je ta rufe ƙofar ajin, ita kanta ba ta san ta yi ba. Gellert ya tashi ya buɗe. Ta harare shi, ya harare ta, ƙofar ta zauna a buɗe. Maganar farko ta fito da raɗa, sai da malamar jinya ta ce, "Inna, mu na baya ba ma ji," sannan ta ɗaga murya.

Ta nuna musu yadda ake jiƙa ƙaro tun kwana biyu kafin aiki, da abin da ake fara zubawa, da abin da ba a zubawa sai tukunya ta huce. Babu sikeli a haɗin gidan Bodonyi. Ana ɗaga ludayi a duba yadda kwaɓin ke zuba, in ya tsinke ya yi ruwa, in ya ƙi sauka ya yi tauri. Kowa ya juya, kowa ya ɗaga ludayi, kowa ya sha faɗa. Bayan haka ta ce Piroska ta haɗa nata ita kaɗai, ita kuma Etelka ta juya kujerarta ta fuskanci bango don kada bakinta ya sa mata hannu a aikin.

Kwaɓin ya kwanta, aka buga, yadin ya bushe, aka tsoma. Asabar ɗin da ta wuce aka yi wanki. Piroska ta ƙi kallo, ta tsaya bayan 'yan'uwan nan biyu tana murza hannu. Ruwan tsami ya ci kwaɓin, furanni suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Etelka ta sa aka kawo mata yadin bakin taga, ta sa tabarau, ta bi shi tun daga wannan baki har wancan tana neman inda shuni ya ratsa. Ta daɗe tana nema.

Gellert ya ce, "Ki haƙura, Eta, babu. In faɗa kike so, ga ni."

Ta cire tabaran ta ce, "Piri, zo nan." Piroska ta matso. Etelka ta kama hannunta mai shuɗin farce ta riƙe, ta ce, "Na gode, 'yar nan." Sannan ta nemi almakashi, ta yanki abin da zai ishe ta ɗankwali daga yadin, ta ninke ta sa a jakarta.