Matar Malam Birki da Littafi na Biyu

Anti Biro ba ta taɓa cewa ita marubuciya ce ba. Mutane ne suka ɗora mata, ita kuma ba ta sauke ba. Aikin da take ci da shi zama ne a teburin karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin haƙori, tsakanin wata fanka mai kuka da gilashin kifi wanda kifayensa suka daɗe da riga mu gidan gaskiya. Kowa dafe da kunci yake shigowa, ya fita da auduga a baki. A wannan wurin, inda ba mai murmushi sai hoton da ke jikin bango, ta rubuta littafin soyayya guda ɗaya tun tana amarya, ya kuma karɓu fiye da yadda ita kanta ta zata.

Jarumin littafin matuƙin jirgin sama ne, ana ce masa Kyaftin. Dogo ne, mai sanyin murya, in ya yi magana sai budurwar ta ji kamar ana yayyafi. Mata suka mace a kansa. Da labari ya bazu cewa ai mijinta ta kwatanta, sai wasu suka fara zuwa asibitin da haƙoransu lafiya lau, don kawai su gan shi in ya zo ɗaukarta. Suka kuwa gan shi: gajere, ga tumbi, ga sanƙo, a cikin wata 'yar mota mai alamar ɗan koyo gaba da baya. Mai koyar da tuƙi ne. Duk unguwa Malam Birki ake ce masa, don tun daga kan kwana ake jiyo shi yana kwarara wa ɗalibi ihu: "Birki! Birki na ce, ba totur ba!"

Shi dai shafi kaɗan ya karanta ya ajiye. Ya kai wurin da Kyaftin yake tuƙa budurwa da hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya kuma riƙe da nata.

"Wannan a hannuna ba zai ci jarrabawa ba," in ji shi. Iyakar sharhinsa ke nan a kan adabi.

Sau ɗaya ya gwada koya mata mota, a farkon aure. Ta ɗauki hanyar ƙofar maƙwabta, ya daka mata tsawa irin wadda yake yi wa kowa, ta buɗe ƙofa ta fita ta taka zuwa gida, ta rantse ita da sitiyari har abada. Daga ranar shi ke kai ta aiki da safe, ya ɗauko ta da yamma, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, masu keke suna wuce su suna gaisuwa. A cikin motar suke yin faɗansu, a ciki suke shiryawa. A haka suka raini 'yarsu guda har ta yi aure ta koma wani gari.

Duk tsawon shekarun nan mai ɗab'in littafin bai daina bibiyarta ba. Masu karatu suna son na biyu.

"An ɗaura aure, an tare," take ce masa. "Me ya rage? In rubuta yadda Kyaftin yake minshari?"

Malam Birki ya shafe rayuwarsa a gefen mutanen da ba su san dama da hagu ba. Sun jefa shi kwata, sun kai shi jikin katanga, wata ɗaliba ta taɓa cusa shi ƙarƙashin babbar mota, ya fito ko ƙwarzane babu. Ajali bai same shi a titi ba. Wata Asabar da hantsi yana zaune a kujerar roba a bakin ƙofa yana ɓare lemo, ita kuma tana kicin tana zazzaga masa faɗa a kan takalmin da ya shigo mata da shi da taɓo. Ta yi ta yi, bai tanka ba. Har ta ji daɗi a ranta, ta ce yau dai gaskiya ta rufe masa baki. Da ta leƙo, lemon yana cinyarsa, rabinsa a ɓare.

Wannan faɗan shi ne ya fi cin ta bayan masu gaisuwa sun watse. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta koma aiki, ta fara shiga motar haya, a nan ta gane ashe asibitin yana da nisa. Da yamma sai ta tsinci kanta ta rataya jaka tana kasa kunne ko za ta ji hon ɗinsa, sai Likita ya wuce ya yi kamar bai gani ba. Motar tana nan a gindin bishiya, ganye da kashin tsuntsaye suna taruwa a kanta. 'Yarta ta yi ta waya.

"Mama, ki tattara ki dawo wurinmu mana. Me kike zaune kina gadi?"

"Gidana nake gadi. In na zo wurinki wa zan yi wa faɗa? Mijinki ba ya ramawa."

Mai ɗab'i ma ya zo ta'aziyya. Ya yi addu'a mai tsawo, ya share ido, shayin da aka kawo masa bai ko huce ba ya gyara zama.

"Anti, kar ki ga rashin kunyata. Amma fa yanzu kin samu na biyu."

Ta nuna masa ƙofa. Ta kwana biyu tana tsine masa a zuci, sannan ta sayi sabon biro.

Da ya ji ta fara, sai ya dawo da shawarwari. Kyaftin ya mutu a haɗarin jirgi, da hadari da walƙiya, yana kiran sunan matarsa. Ta yi kuka babi biyu, kar ya wuce haka, masu karatu ba sa son doguwar jinya. A babi na uku wani ya bayyana, mai hali, mai haƙuri, zai fi kyau in likita ne. Anti Biro ta dubi nata Likitan, wanda ke cikin ɗaki yana fama da turmin haƙorin wani dattijo, ta ce a bar maganar likita. Amma ta rubuta babin, har da jawabin da matar za ta yi wa sabon manemin, na godiya da ban haƙuri, mai sa mutum hawaye.

Ana cikin haka Dogo ya fara zuwa. Abokin aikin marigayin ne, tare suke koyar da tuƙi a fili ɗaya, shi ma matarsa ta rasu da daɗewa. Zai zo da yamma cikin wankakkun kaya, yana ƙanshin turare, ya ɗosana a bakin kujera, ya tambayi lafiya, ya murza hula a hannu, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce bari ya gudu. Ƙanwarta da ta gan shi sau ɗaya ta tafa hannu.

"Yaya, wannan ai ko makaho ya shafa ya san zance ne."

Anti Biro ta ce Allah ya kiyaye, ita da aure kuma sai a lahira. Ta haddace jawabin nan na babi na uku don ta sallame shi cikin mutunci. Ranar da ta ga alamar zai fasa ƙwai, ta saka mayafinta mafi kyau, don ko ƙin mutum za ka yi, ka ƙi shi da kyan gani.

Dogo ya murza hula har ta kusa yagewa.

"Anti, na daɗe ina son in faɗa, nauyi ya hana ni. Ki yafe ni in na yi gaggawa."

"Faɗi, ina jin ka," ta ce, ta sunkuyar da kai.

"Dama motar ce. Kin san mai birki biyu ce, irinta wuyar samu gare ta. Na ga tana lalacewa a rana."

Ta ɗago ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Motar kake so?"

"Ai ba ni da wata magana bayan ita, Anti."

Ba ta san wanne ya fi yawa a ranta ba, sauƙin da ta ji ko haushin. Jawabi guda ya tafi a banza, ga mayafi.

"Ba ta sayarwa ba ce," ta ce. "Gobe da safe ka zo da bokiti mu wanke ta. Ni za ka koya wa."

Haka ta karya rantsuwarta tana da furfura. Dogo malami ne mai sanyi, ko za ta hau kan mai shago sai dai ya ce, "A hankali, Anti, in ba damuwa." Sai ta gane ƙafarta ba ta san ta nemi birki da lallashi ba. Ta kuma hana shi matsar da kujerar malami baya, wadda ta lotsa daidai jikin mai ita, don haka ya riƙa zama gwiwoyinsa suna dukan gaban mota, bai taɓa ƙorafi ba. Wata rana da suka tsaya a fili ta sunkuya ɗaukar makulli, idonta ya faɗa kan birkin gefen malami. Robar ta cinye har ƙarfe ya fito, yana ƙyalli. Ƙafa ɗaya ce ta yi wannan aikin, ta mijinta. Ta kifa kai a sitiyari ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar, hon yana ta ƙara a ƙarƙashin goshinta, masu ƙwallo suka tsaya suna kallo. Dogo ya fita ya tsaya a rana har ta gama. Da ya dawo ta ce, "Ja kujerar baya, kar ka gurgunce a banza."

Jarrabawar farko ta faɗi, ta ci ta biyu. Yanzu ita ke kai kanta aiki, Dogo ya zo ya ɗauki motar ya yi koyarwa da ita, ya dawo mata da ita kafin a tashi.

Babi na uku kuwa ta yage shi. A littafin da ya fito, Kyaftin ya mutu a gida a kan kujera, matarsa tana masa faɗa. Ta yi kuka a inda bai kamata ba, ta yi dariya a inda bai kamata ba, ta koyi mota. Ba wanda ya zo neman aurenta. Mai ɗab'i ya riƙe kai ya ce rabin littafin kuloci ne da giyar mota. Masu karatu suka ce an cuce su, matuƙin jirgi guda a kashe shi kamar mai gadi.

Kwanan baya wata matashiya ta zo asibitin da kumburarren kunci. Tana jiran layi ta gane ta, ta matso, tana magana da gefen baki.

"Anti, ke ce kika rubuta na biyun nan? Gaskiya ba ki kyauta ba. Mace mijinta ya mutu, sati bai cika ba tana dariya don ta tuna minsharinsa? Ba a yin haka. Da gani ba ki san zafin rashi ba. Da kin tambayi waɗanda abin ya shafa."

Anti Biro ta gyara tabarau, ta duba katin da ke gabanta.

"Haka ne, 'yata, da na tambaya," ta ce. "Shiga, Likita na kiran ki. Na ƙasan ne za a cire ko na saman?"